Alhaji, Ka Je Aburi, Amma Ka Ba Itatuwan Lokacinsu

Wa'alaikumus salam Alhaji, barka da zuwa Akra. Ya gajiyar hanya? Allah ya sa ka tarar da 'yarka da jikoki lafiya.

Ka ce ka zo daga Kano za ka yi mako biyu a unguwar Madina ta Akra, surukinka ya ce zai kai ka lambun itatuwa na Aburi, kai kuma kana tunanin mutumin da ya tashi a gona, kakansa ya yi fataucin goro, me zai gani a wurin da babu komai sai itace. Ka kuma tambaya ko gwiwarka za ta ɗauki tafiyar, da ko za ka iya sayo dashen goro ka tafi da shi gida.

Ka je, Alhaji. Renon itatuwa da kula da su shi ne aikina, a zangon Akra kuma aka haife ni, kuma ina gaya maka cewa irinka ne ya fi kowa cin ribar wannan lambu. Yaran birni suna zuwa su ɗauki hoto su ci shinkafa su dawo. Kai kuwa ka san rimi, ka san maɗaci, ka san kawo da ceɗiya, ka san ƙamshin kirfa da gyaɗar ƙamshi a kasuwa. A Aburi za ka ga waɗannan itatuwa ko danginsu a ƙasar da ruwa ya ishe su, ka kuma ga uwar wasu abubuwan da ka shekara kana saye a tire ba ka taɓa ganin inda suke fitowa ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ku yi gaggawa, kuma ku ɗauki ɗan jagora a bakin ƙofa.

Garin Aburi yana kan tsaunin Akuapem, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar Akra, tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 400. Daga Madina kusa ne, ku bi ta Adenta da Oyarifa zuwa Ayi Mensah, daga nan hanya ta fara hawa tana lanƙwasa. In surukinka na da mota shi ke nan, in babu akwai trotro, wato ƙananan motocin haya, a tashar Madina da ke zuwa har cikin garin. Kafin ku kai za ku wuce Peduase, inda gidan saukar shugaban ƙasa yake tun zamanin Kwame Nkrumah. Ka zauna ta gefen taga, domin a wasu wuraren da hanya ta yi kwana za ka hango Akra shimfiɗe a ƙasa. Da kun hau za ka ji iska ta sauya, zafin nan mai ɗanko na bakin teku ya ragu.

Wannan sanyin ne ma asalin wurin. A 1875 Turawan mulkin mallaka suka gina gidan jinya da hutu a nan domin ma'aikatansu da zazzaɓi ke kayarwa a bakin teku. A watan Maris na 1890 aka buɗe lambun a kewayen gidan, zamanin Gwamna William Brandford Griffith, aka kawo William Crowther daga babban lambun Kew na Landan ya zama mai kula da shi na farko. Filin gaba ɗaya hekta 64.8 ne, wato eka 160, amma wani sashe ne kawai aka gyara ya zama lambu, sauran kurmi ne aka bar shi yadda yake. Saboda haka kada girman ya tsorata ka. Inda baƙi ke zagayawa fili ne mai ciyawa a gyare, gangarensa ba mai tsanani ba ne, akwai inuwa ko'ina da wuraren zama. Dattijo mai ciwon gwiwa zai iya, in dai ya tafi a hankali yana hutawa. Ka sa takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, domin in an yi ruwa ciyawar tana santsi, kuma wani lokaci kwarkwasa kan yi layi ta ratsa hanya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba don shaƙatawa aka kafa wurin ba. Gonar gwaji ce. Ana kawo iri daga ƙasashe masu zafi irin namu, a shuka, a ga wanda ya karɓi ƙasar, a raini dashe, a raba wa manoma, a koya musu yadda ake kula da shi. Roba, kofi, kayan ƙamshi, duk an gwada. Wanda ya yi nasara fiye da tunanin kowa shi ne koko, wanda ake cakulan da shi. Tetteh Quarshie, wani maƙeri, shi ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, nan gaba kaɗan da Aburi a kan tsaunin. Gwamna Griffith kuma ya sa aka kawo wani daga tsibirin Sao Tome, aka raine shi a Aburi aka raba. Manoman Akuapem suka karɓa hannu bibbiyu, suka gangara kurmin Akyem suna sayen ƙasa suna shukawa. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai wannan fitar da koko a duniya, daga baya kuma Ghana ta daɗe tana ta biyu bayan Kwaddibuwa. Ka tsaya ka kalli bishiyar da kyau, domin halittarta abin mamaki ce ga mutumin arewa: ba a ƙarshen reshe take 'ya'ya ba, a jikin kututture da manyan rassa take yi. Furen ɗan mitsitsi ne, yana fitowa kai tsaye daga ɓawo, wasu ƙananan ƙudaje ne ke yi masa barbara. In an fasa kwanson za a tarar da ƙwaya talatin zuwa arba'in lulluɓe da farin abu mai zaƙi da ɗan tsami. Manomi yakan tara su ya rufe da ganyen ayaba wajen kwana shida su ruɓa, sannan ya shanya a rana. Ba don wannan ruɓawar ba da babu ƙamshin cakulan.

Kuna shiga ƙofa abin da zai fara tarbar ku shi ne dogayen itatuwa jere dama da hagu, jikinsu sumul launin toka, sama kuma kore shar. Dangin dabino da giginya ne, amma asalinsu yankin Kuba ne, ba a cin 'ya'yansu, don ado aka shuka su. Nan kowa ke ɗaukar hoto. Ku ɗauka ku wuce, abin kallon yana ciki. Haka tsohon jirgin sama mai saukar ungulu da aka ajiye a fili, jikoki za su so shi, ka bar su su yi wasansu tare da iyayensu. Akwai kuma itatuwan da manyan baƙi suka dasa, har da Sarauniyar Ingila Elizabeth a 1961 da ɗanta Charles a 1977.

Inda nake so ka daɗe shi ne gindin babban rimin nan. Ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya rage daga ainihin kurmin da ya rufe tsaunin kafin a sare a yi lambu, ya girmi lambun ke nan. Kai da ka san rimin Zariya da na Kano za ka gane shi nan take, amma za ka ga bambanci. Rimin kurmi yana miƙewa sama sosai kafin ya yi reshe, domin tun yana ƙarami kokawar neman rana yake yi da maƙwabtansa. Saiwoyinsa kuma sun taso daga ƙasa sun yi fuka-fuki, wasu sun fi mutum tsayi, kamar katangun zaure, har mutum ya shiga tsakaninsu ya ɓace wa na bayansa. Dalilin shi ne a kurmi abincin itace yana saman ƙasa ne, cikin ruɓaɓɓen ganye, don haka saiwa ba ta nitsawa can ƙasa, sai ta bazu. Itace mai wannan tsayi da saiwa marar zurfi dole ya sami abin tokare shi in iska ta taso, fuka-fukan nan su ne matokaran. Da rani yakan zubar da ganye ya yi fure, furen da dare yake buɗewa, jemagu ne ke zuwa shan ruwansa suna yi masa barbara. Bayan haka kwanson ya fashe audugar ta tashi. Ita ce dai audugar rimin da ake cusa matashi da katifa, ita ce kuma aka riƙa cusa lifidin dawakin sarakuna.

Daga nan ka ce a kai ka wajen bishiyar da ta shaƙe 'yar'uwarta. Dangin ceɗiya da gamji ce. Bayanan lambun sun nuna a 1906 aka fara ganin ta 'yar ƙarama a maraban rassan wani kawo, zuwa 1936 ta gama da shi. Yadda abin ke faruwa shi ne tsuntsu ko jemage ya ci 'ya'yan ya yi kashi a kan reshe, irin ya tsiro can sama, ya riƙa sako saiwoyi sirara suna bin jikin mai masaukin har su taɓa ƙasa. Da sun sami ƙasa sai su yi kauri, su haɗe da juna, su ɗaure kututturen ya kasa ƙara faɗi, ganyenta kuma ya rufe masa rana. Kawon ya mutu ya ruɓe, ita ta tsaya da ƙafarta, cikinta rami. Za ka iya leƙawa ciki ka ɗaga kai ka ga haske ta tsakanin saiwoyin, ramin nan shi ne daidai inda kawon ya tsaya. Mutanenmu kan ce kauci ce, amma ba ɗaya ba ne. Kauci tsotsar ruwan jikin itace yake yi, wannan kuwa ba ta tsotsar komai, matsi da inuwa ne makamanta. In ka koma gida ka lura da tsofaffin giginyu da gamji ya rungume, aiki ɗaya ne.

Sashen kayan ƙamshi shi ne inda ɗan jagora ke biyan kuɗinsa. Itatuwan ba su da wani kwarjini, za ka iya wuce su ba ka waiwaya ba. Sai ya tsinko ganye ɗaya ya murje ya miƙa maka, ka ji kirfa ta bugi hancinka. Kirfar da ake sayarwa a naɗe ɓawon ciki ne na rassan wannan itace, da ya bushe sai ya naɗe kansa. Gyaɗar ƙamshi kuma ƙwallon wani ɗan itace ne mai launin rawaya, in ya nuna ya tsage biyu, a ga ƙwallon sanye da wata jar raga, ita ma ragar kayan ƙamshi ce mai zaman kanta. Ba kowace bishiya ke da allo ba, masu allon kuma da Latin aka rubuta, shi ya sa na dage kan jagora. Amma ka riƙe waɗannan ko ka sa jika ya rubuta maka: Ceiba pentandra shi ne rimi, Khaya dangin maɗaci ne, Afzelia africana kawo, Theobroma cacao koko, Cola nitida kuma goro.

To, ga goro. Ka roƙi jagoran tun daga ƙofa cewa kana son ganin bishiyarsa, domin ba kowane baƙo ke tambaya ba, in ba ka faɗa ba zai iya wucewa. Kada ka sa ran wani ƙaton itace. Matsakaici ne, mai duhun ganye, ganyen mai kauri da sheƙi, yana son inuwar manya musamman yana ƙarami. Furensa fari ne mai ɗan rawaya da jan zane a ciki. 'Ya'yan suna zuwa cikin kwanso kore mai ƙuraje, kwanso har biyar kan fito daga fure ɗaya su bazu. A cikin kowanne akwai goro jere, kowane ɗaya sanye da farar riga mai kauri, sai an jiƙa ko an tara shi ya kwana biyu rigar ta yi laushi a saɓule. Abin da kan ba fatake mamaki shi ne fari da ja suna iya fitowa daga kwanso ɗaya. Wannan na ƙasar Asante, mai rabuwa biyu in an ɓare, shi ne goron Gwanja. Hannun ruwa mai rabuwa uku ko fiye wani jinsi ne daban. Bishiyar da aka shuka daga iri takan kai wajen shekara bakwai kafin ta fara ba da wani abu, babban girbinta kuma daga Oktoba zuwa Disamba ne. Daga nan sai aikin da ka fi ni sani: zaɓe, cire mai sankara, jerawa cikin ganyen fita, yayyafa ruwa, juyawa, har ya zama daushe.

Ina so ka tsaya a gindinta ka tuna kakanka. Saboda wannan itace ayari ke tasowa daga Kano da jakai, ɗauke da kanwa da fatu da baƙaƙen tufafi, a yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu kafin a iso kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau. Yawancin fataken ba su taɓa ganin bishiyar ba, domin Asante ba ta barin su shiga kurmi, a kasuwannin arewa ake kai musu kayan. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sai 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Akra. Zangunan da muke ciki yau da yawansu daga nan suka cika. Alhasan Ɗantata ma ya zo Akra wajen mahaifiyarsa yana saurayi, daga baya ya riƙa ɗaukar goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Mu 'yan zango da ke magana da Hausa a bakin teku, goro na cikin manyan dalilan zamanmu a nan, kuma ina ganin bai dace yaranmu su girma ba su taɓa ganin bishiyarsa ba. Ka tafi da jikokin gindinta, ka ba su labarin da bakinka.

Akwai roƙon da nake yi wa duk wanda na tura can, musamman masu sanin magani. Kada a sassaƙi itace, kada a tono saiwa, kada a bar yara su rubuta suna da wuƙa. Na san hannun mutumin da ya saba yana ƙaiƙayi in ya ga maɗaci mai kyau. Amma abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawon ciki yake gangarawa zuwa saiwa. In wannan ya yanki tafin hannu, wancan ya yanki tafin hannu, ranar da yankan ya zagaye kututturen saiwa ta daina samun abinci, itacen ya mutu a tsaye ko da shekararsa ɗari. Ko bai zagaye ba, raunin ƙofa ce ga gara da ruɓa. A lambu irin wannan wata bishiyar ita kaɗai ce irinta a wurin. In maganin gargajiya ne ke ranka, Mampong na gaba kaɗan, can akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai da aka kafa a 1975 bisa ƙoƙarin Dokta Oku Ampofo, suna da asibiti kuma suna sayar da magungunan da suka gwada. A garin ne kuma gonar kokon Tetteh Quarshie take, ana shiga a gani. In kun fita da wuri za ku haɗa duka a yini ɗaya.

Batun rana, ku je tsakiyar mako da safe. Asabar da Lahadi da ranakun hutu, irin su Litinin ɗin Ista, 6 ga Maris da washegarin Kirsimeti, wurin kan cika da 'yan yawon shaƙatawa da kiɗa, ba za ka ji bayanin jagora ba balle kukan tsuntsu. Safiyar Asabar ma hanyar Ayi Mensah zuwa Peduase cike take da masu motsa jiki. In zuwanka ya faɗo tsakanin Afrilu da Yuli, ko Satumba zuwa Nuwamba, ku riƙe laima, ruwan tsauni ba ya sallama. Ana biyan kuɗin shiga, na baƙo daga wata ƙasa ya fi na ɗan ƙasa, ku riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu har da na sallamar jagora. Ka ce wa 'yarka ta ɗauro abinci daga gida, waakye, wato shinkafa da wake, ko abin da ya sawwaƙa, hankalinka zai fi kwanciya. Ku sa buta da darduma a mota, wurin yin Azahar a inuwa ba zai gagara ba. Awa uku sun isa a zagaya a natse.

In ranar ta zo gwiwa ta ƙi, akwai lambun Jami'ar Ghana a Legon, in kun same shi a buɗe, kusa da ku ƙwarai, yana da tafki da itatuwa da tsuntsaye, ya isa a sha iska. Sai dai ba shi da tsofaffin itatuwa da tarihin Aburi. In kuma za ka leƙa 'yan'uwa a Kumasi, a kan hanya akwai gandun itatuwa na Bunso, a Kumasin akwai lambun jami'ar KNUST, sannan kurmin Bobiri kusa da Kubease, wanda ya yi suna da yawan malam-buɗe-littafi. Can ne za ka ga kurmi na ainihi wanda ba a yi wa shara ba.

Saura dashen goro. Shawarata kada ka saya. Na farko, ba zai yi a Kano ba. Goro na son ruwan sama mai yawa da ya bazu a watanni masu yawa, da iska mai laima, da inuwa. Ko ka shayar da shi kullum, hunturu ɗaya ya isa ya ƙone masa ganye, in ma ya rayu da wuya ya yi 'ya'yan kirki. Na biyu, ba a tsallaka iyaka da shuka mai rai da ƙasarta sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar aikin gona, a Najeriya ma masu binciken kayan gona za su iya karɓewa. Wannan doka tana da dalili. Cutar kumburin reshe da aka gano a gonakin koko na gabashin ƙasar nan a 1936, wadda wasu ƙananan ƙwari masu farin gari ke yaɗawa, ta sa an sare miliyoyin itatuwa, ita ce ma ta sa aka buɗe tashar binciken koko a Tafo a 1938. Ƙwaro ko cuta a cikin 'yar leda ɗaya ta dashe kan iya shiga ƙasar da ba ta san su ba. In kana son ka dasa wani abu don tunawa da wannan tafiya, ka bari sai ka koma, ka nemi dashen rimi ko maɗaci a wajen masu renon itatuwa na Kano, ka dasa da farkon damina, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka shayar da shi rani biyu na farko. Goron kuwa ka sa surukinka ya kai ka wajen masu sayarwa a Nima ko nan Madina, ka zaɓi mai kyau da hannunka.

Ku yi ƙoƙari ku sauko daga tsaunin kafin La'asar ta yi sanyi, domin cunkoson Adenta zuwa Madina da yamma kan cinye wa mutum Magariba a mota. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida mutanen gida.